Itacen da ke Jikin Kalandar Kwara

Na fara ganin itacen nan ne a jikin kalanda, cikin wani shago a Kantin Kwari, ina ɗan shekara tara ko goma. Mahaifina dillalin atamfa ne, daga Fagge muke takowa da safe ina riƙe masa jaka. Mai shagon Kwara ne, wato ɗan Labanan, dattijo, Hausa a bakinsa kamar a Kano aka yanke masa cibiya. Kalandar tana rataye a bayan teburinsa, shekararta ta daɗe da wucewa amma bai sauke ta ba. Hoton wani itace ne a tsaye cikin wani farin abu kamar auduga, rassansa a shimfiɗe hawa-hawa kamar an jera faya-fayi. Na tambayi Baba, ya ce in tambayi mai abu. Dattijon ya juya ya dubi hoton, ya ce, "Yaro, sunansa arz. Farin nan kuma ƙanƙara ce. Garinmu yana ƙasa da dutsen nan kaɗan." Garin nasu Miziyara ne, a arewacin Labanan, inda gidaje da yawa ke da ɗa ko jika a Najeriya.

Sai da na zama malamin daji, ina aiki a Jos, wani abokin aikina Kirista ya gaya mini ashe itacen yana da suna a Hausa. Littafi Mai Tsarki al'ul yake kiransa, kuma da wannan sunan zan kira shi a nan.

Al'ul ɗan dutse ne. Yana fitowa a tsaunukan Labanan da Siriya da kudancin Turkiyya, galibi daga wajen mita 1,300 zuwa sama, inda dusar ƙanƙara ke kwana watanni. Ganyensa tsinke-tsinke ne kamar allura, a cure tuntu-tuntu, kuma ba ya kaɗewa gaba ɗaya, ko wane lokaci ka je za ka same shi kore shar. Tsawonsa yakan kai mita 40. Yana matashi tsini yake yi kamar jinkar ɗaki, sai ya tsufa kan ya baje, rassan su miƙe a kwance. 'Ya'yansa ba sa reto ƙasa kamar na mangwaro, a zaune suke bisa reshe kamar ƙananan ganguna, in sun nuna su wargaje a can sama, iska ta kwashi irin mai fiffike ta watsa. Kuma yakan yi shekara talatin, arba'in, kafin ya fara 'ya'ya sosai. A riƙe wannan lissafin, domin duk labarin a kansa yake tafiya.

Katakonsa ne ya jawo masa gatari. Dogo ne miƙaƙƙe, yana da ƙamshi, ƙwaro ba ya son sa, ba ya ruɓewa da wuri. Masar kuwa, da duk arzikinta, bagaruwa gare ta da ɓaure da dabino, ba wanda zai ba ka doguwar azara ko ƙashin bayan babban jirgi. Wani allon dutse da ke ajiye a birnin Palamo na Italiya yana ɗauke da labarin cewa a zamanin Fir'auna Sinefaru, kimanin shekara 2,600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), jirage 40 sun iso Masar cike da gumagumai. Tashar Jubail, wadda Turawa ke kira Biblos, ita ce kasuwar wannan katako. A 1954 wani masanin kayan tarihi Bamisire, Kamal al-Mallakh, ya buɗe wani rami a gindin babbar dalar Giza, ya tarar da jirgin ruwan Fir'auna Khufu, ɗan Sinefaru, a kwakkwance, guntu 1,224, an jera su a tsanake. An yi shekaru ana haɗa shi. Da aka gama ya kai wajen mita 43, akasarinsa al'ul, da igiya aka ɗinke allunan, ba ƙusa. An ce da aka huda ramin, ƙamshin katako ne ya fara tarar mai leƙawa. Shekara fiye da dubu huɗu a ƙarƙashin ƙasa! Duk kafintan da ya taɓa ganin gara ta cinye ƙyauren ɗaki cikin damina biyu zai gane dalilin da ya sa sarakuna suka yi ta tura jirage.

Daga nan kowane mai ƙarfi ya ɗebi nasa. Littattafan Bani Isra'ila sun ba da labarin yadda Annabi Sulaiman (AS) ya yi yarjejeniya da Hiram sarkin Sur, ana saro al'ul ana ɗaure gumaguman a bi da su ta teku zuwa Yafa, daga can a hau da su Birnin Ƙudus, shi kuma yana biya da alkama da man zaitun. Nebukadnezzar na Babila, wanda littattafan Larabci ke kira Bukhtanassar, ya sa an sassaƙa a jikin dutse a Wadi Birisa yana alfahari da hanyar da ya fasa don a jawo masa al'ul. Dariyus na Farisa ya rubuta cewa katakon fadarsa ta Susa daga Labanan aka kawo shi.

A cikinsu duka, wanda na fi jin kusanci da shi Hadiriyan ne, sarkin Rum daga shekara ta 117 zuwa 138. Shi ya sa aka bi tsaunukan ana sassaƙa rubutu a jikin duwatsu, cewa itatuwa iri huɗu na sarki ne, sauran kowa ya sara. An gano irin waɗannan duwatsu wajen 200, kuma Bafaranshen nan Ernest Renan ya kwafe da yawa daga cikinsu a tafiyarsa ta 1860 zuwa 1861. Ni da na yi shekaru ina bin iyakar gandun daji ina duba ginshiƙan siminti, na san aikin nan ciki da waje. Na san wanda aka tura da guduma da kurfi ya hau dutse cikin sanyi, na san fuskar mutanen ƙauye da suka tsaya suna kallonsa. Ba don ƙaunar daji Hadiriyan ya yi ba, katakon jiragensa yake tsarewa, amma dai ya gane cewa abin yana iya ƙarewa. Yau da yawa daga cikin duwatsun nan a fili fetal suke tsaye, rubutun yana tsaron dajin da babu shi.

Littattafai sarakuna suke ɗora wa laifi, kuma suna da nasu kason. Amma idon malamin daji wani abu dabam yake nema. Daji yana iya jure gatari shekara dubu muddin 'ya'ya na tasowa a bayan iyaye. Akwai wani kurmi sananne a saman garin Bisharri, a tsayin wajen mita 2,000, wanda mutanen wurin ke kira Arz ar-Rabb, wato al'ul na Ubangiji. Matafiya Turawa sun mai da ƙirga tsofaffin itatuwansa al'ada. Pierre Belon ya ƙirga 28 a wajen 1550. Henry Maundrell ya ƙirga 16 a 1697. A 1860 masanin tsirrai Joseph Hooker ya je ya ƙirga manya da matsakaita gaba ɗaya, ya sami wajen 400, amma ya ce bai ga matashin itace ko ɗaya ba, ko tsiron da ya shekara biyu babu. Ran da na karanta wannan sai da na ajiye littafin. Kurmi mai itace 400 da ba ƙarami a cikinsa, matacce ne da bai riga ya faɗi ba.

Fari yana kashe tsiro, amma babban mai cinye shi akuya ce. Iri zai faɗo, ƙanƙara ta rufe shi, ta narke ya tsiro, garke ya hauro dutse neman ɗanyar ciyawa ya share shi tun bai kai ɗan yatsa ba. Ba sai an fassara wa Bahaushe wannan ba. Na dasa dogon yaro layi-layi a can arewa don tare hamada, na dawo bayan mako biyu na tarar da tsinke a tsaye, kuma ba wanda ya zo da gatari. Ban taɓa iya riƙe makiyayi a zuciya ba, domin talakan dutsen Labanan da nonon akuya da cukunta ya raini 'ya'yansa, kamar yadda namu ke yi. Abin da ke faruwa shi ne akuya tana haihuwa cikin wata biyar, al'ul sai ya shekara arba'in. In ba a shiga tsakaninsu da shinge ba, an san wanda zai ci. Abin da ya saura kuma, gawayi da itacen girki suka rage shi, sannan a Yaƙin Duniya na Ɗaya Turkawa suka sare dazuzzukan ƙasar don hura wutar jiragen ƙasa da kwal ya yanke.

Ana cikin haka itacen yana samun sabon gida a inda bai taɓa zama ba, kuma ta hannun malamin Larabci ya shiga. Edward Pococke ya zauna a Halab daga 1630 zuwa 1636 yana limancin 'yan kasuwar Ingila, ya yi karatu gaban malaman garin, ya tara littattafai, ya koma ya zama farfesan Larabci na farko a Oxford. A 1642 aka ba shi limancin wani ƙauye, Childrey, kuma cikin 'yan shekarun nan ya shuka al'ul a lambun gidansa. Itacen yana nan da rai, ana ɗaukarsa mafi tsufan al'ul a Birtaniya. Pococke ya rasu a 1691. In ka yi lissafi, daidai lokacin da itacen zai fara 'ya'ya ke nan, kuma baje kan nan da ake zuwa kallo bai gan shi ba ko kaɗan.

A 1683 aka dasa guda huɗu a lambun masu haɗa magunguna da ke Chelsea, a Landan. Da suka fara 'ya'ya sai iri ya samu a gida, ba sai an jira jirgi daga gabas ba. Na ƙarshensu hayaƙin birni ya raunana shi, aka sare shi a 1904. Labarin da na fi so kuwa na wani mahauci ne a unguwar Barnes, John Clarke, wanda Allah ya ba hannun tsirar da irin al'ul. A 1761 aka sayi dashe 1,000 a wurinsa kan fam 79 da sule 6, aka kai wa basaraken Richmond ya dasa a gandunsa na Goodwood. Mutum yana fawa da safe, da yamma yana bi da bokiti cikin dubban 'yan tsirrai. A Faransa kuma Bernard de Jussieu ya kawo dashe biyu daga Ingila a 1734. Mutanen Paris suna ba da labari cewa tukunyar ta fashe masa a hanya ya ƙarasa da su cikin hularsa. Ɗayan yana nan tsaye a kan wani ɗan tudu a lambun tsirrai na birnin. Kafin ƙarnin ya ƙare, masu tsara lambuna a Ingila irin su Lancelot Brown sun mai da al'ul alamar babban gida, ka hango shi daga nesa ka san akwai masu hali a wurin. Nuna isa yana ciki, ba shakka. Duk da haka wanda ya biya kuɗin dashen ya san jikan jikansa ne zai sha inuwar, kuma ya biya.

Gani ya kori ji. An tura ni kwas na aikin gandun daji a Oxford a ƙarshen daminar 1987, kuma ban cika wata biyu ba, daren 15 ga Oktoba, guguwa ta afka wa kudancin Ingila ta kayar da itatuwa kimanin miliyan 15. Bayan 'yan makonni aka kai mu wani tsohon gandu a yankin Sussex mu ga ɓarna. A can na fara taɓa itacen kalandar Kwara da hannuna, kuma a kwance na same shi. Saiwoyinsa sun tashi da ƙasa kamar bangon ɗaki, ramin da suka bari ya cika da ruwa. An riga an yanka gindin da zarto, ƙamshin ya cika wurin, wani abu tsakanin turaren wuta da sabon fensir. Na durƙusa ina ƙirga zobban shekara da bakin biro, daga ɓawo zuwa ciki. Wasu faɗinsu ya kai farce, wasu kamar zare, shekarun wahala ke nan. Na wuce 200 kafin aka kira mu mota. Sai hadisin nan na Bukhari da Muslim ya faɗo mini, inda aka kwatanta mumini da ɗanyar shuka da iska ke kwantarwa tana tayarwa, munafuki kuma da itacen arza mai tsayawa ƙyam har ranar da za a tumɓuke shi gaba ɗaya. Tun muna makarantar zaure muke jin sa, amma siffar sai ranar na gan ta: ciyawar da ke kewaye ta miƙe abinta, shi kuwa ga shi nan.

Tsohon gadinan gandun yana tsaye a gefe, hannu cikin aljihu, idonsa ya yi ja. Tun yana yaro yake share ƙarƙashin itacen. Na tambaye shi ko za su dasa wani, ya ce ai ya riga ya auna wurin. Ya ja ni ya nuna mini, yana bayani kamar mai ba da amana. Kada ka sayi babba don gaggawa, in ji shi, ɗan daidai gwiwa ya fi kamawa, domin uwar saiwarsa ƙasa take nutsawa kuma ba ta son a dame ta. Rami ya yi faɗi amma kada ya fi tukunyar zurfi. Ƙasar da ruwa ke kwana a cikinta kabarinsa ce, gara tsakuwa da laka. Rana yake so, ba ya zama ƙarƙashin wani. A yi masa ban-ruwa rani biyu ko uku na farko, a nome ciyawar gindinsa, daga nan a ƙyale shi. Kada wuƙa ta taɓa kan tsiron, in ya karye itacen zai rabu biyu, kuma nan ne zai tsage wata rana in ƙanƙara ta yi masa nauyi. Sannan ya taka ƙafa ashirin daga bangon gida ya tsaya, ya ce, "Samari, kuskuren da aka fi yi ke nan. Mutum ya ga abu ɗan mitsitsi ya dasa shi jikin taga, bayan shekara sittin wani ya zo ya sare." Na ce to ragar wayar nan da ke jingine fa? Ya ce ta zomaye ce da barewa. Ashe su ma suna da tasu akuyar.

Na dawo gida da iri ashirin cikin ambulan. Irin al'ul ba ya tsirowa da kyau sai ya sha sanyi, don haka na jiƙa shi na binne cikin danshin yashi, ya yi wata guda a firji kusa da kayan miyar uwargida. Na shuka a leda. Bakwai suka fito, kowanne da 'yan ganyayyaki a zagaye kamar ƙarafan ƙaramar lema. Kullum bayan sallar asuba sai na je na duba su. Jos tana kan tsayin wajen mita 1,200, kuma sanyin hunturunta ya sa na sa rai. Amma yanayin a juye yake. A Labanan ruwa da sanyi tare suke zuwa, lokacin zafi kuma busasshe ne, mu kuwa ruwanmu da ɗumi yake sauka. Cikin Agusta gindinsu ya fara yin baƙi daidai bakin ƙasa, suna kwantawa ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen ya ga damina ta biyu, bai fita ba. Na ji zafin abin ƙwarai. A wurin da na tanadar masa na dasa fayin na Karebiyan, irin wanda aka yi gandunsa a Afaka kusa da Kaduna, na gauraya masa ƙasar gindin tsohon fayin kamar yadda muke yi a wurin raino, ya kama, yau ya fi rufin gidan tsawo nesa ba kusa ba.

Bayan na yi ritaya, ɗan dattijon nan mai kalanda, wanda muka tashi tare muna wasa a bakin shago, ya gayyace ni garinsu. Ya ɗauke ni a mota muka bi gefen kwarin Ƙadisha, muka wuce Bisharri, garin marubuci Khalil Jibran, muna hawa muna hira da Hausa. Da muka sha wata kwana ya rage gudu ya ce, "Alhaji, ga kalandar Baba can." Daga nesa wani ɗan tabo ne kore a tsakiyar tsaunuka tsirara, ƙanƙanta ƙwarai, hekta goma ce kacal. Abin da na fara zuwa na dafa katangar ce. An gina ta da dutse a 1876, shekara goma sha shida bayan ƙirgar Hooker, don a hana awaki shiga. Tun kafin ita shugabannin Kiristoci Maroniyawa sun ɗauki kurmin a matsayin wuri mai alfarma, suna tsoratar da duk mai sara da kora daga coci, akwai ma ƙaramar majami'a a tsakiya. Wannan ya tsare manyan daga gatari, ƙananan kuwa sai da aka yi katanga. A ciki na ga abin da Hooker bai gani ba: itatuwa kai ba ɗaya ba, tsofaffi masu gindi kamar rumbu, da matasa masu tsini a tsakaninsu. Igiya aka ja gefen hanya don kada baƙi su tattake saiwa. Itacen yana tsakiyar tutar ƙasar tun 1943, a 1996 an keɓe babban gandu a tsaunukan Shuf, a 1998 kuma hukumar UNESCO ta sa kurmin Bisharri da kwarin Ƙadisha cikin kayan gadon duniya.

A bayan katanga, a kan gangaren da ba komai sai tsakuwa, an dasa sababbi jere-jere. Na durƙusa gaban ɗaya na auna shi da hannu, taƙi biyu bai cika ba. An kewaye gindinsa da duwatsu don su riƙe masa laima. Wani saurayi mai aikin wurin ya ce ya fi shekara biyar a nan.

Shi ne kuma ya gaya mana abin da ke damunsu yanzu. Ƙanƙara ba ta daɗewa a ƙasa kamar da. In ta narke da wuri tsiro yakan fito kafin lokacinsa, sanyin baya ya ƙone shi, ko rani ya yi masa tsawo. A kurmin Tannurin, tun ƙarshen shekarun 1990, wata tsutsa mai cin sabon ganye ta yi ta ɓarna, kuma masana suna danganta yawaitarta da raguwar sanyi. Don haka masu dashe suna ƙara hawa sama da ledojinsu, suna bin sanyi inda ya koma. A arewa akwai sauran wurin hawa, domin Ƙurnatus Sauda da ke saman Bisharri ta kai mita 3,088. A Shuf kuwa, inda kurmin Baruk yake, ƙololuwar dutsen ba ta kai mita 2,000 ba.